Ranar da na ga an kai mota ƙara

A ajin ƙarshe na karatun lauya, malaminmu ya rubuta sunan wata shari'ar Amurka a allo: gwamnatin Amurka ce ke ƙarar dala 124,700. Ba mutum ba, kuɗin kansu. Ajin ya fashe da dariya, wani ya ce to wa zai rantsar da su? Malam ya bari muka gama, sannan ya ce irin wannan ƙarar ba ruwanta da ko an kama mai kayan da laifi. Dukiyar ake zargi, mai ita kuma shi zai zo ya wanke ta.

Ni a lokacin ban ga aibun abin ba. A 2017 da EFCC ta bankaɗo sama da dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi, kotu ta mallaka wa gwamnati, har tafi na yi. Kuɗin Abacha ma ta wannan hanyar Amurka ta bi, domin ba a gurfanar da mamaci, kuma a 2020 aka dawo da kusan dala miliyan 311 daga tsibirin Jersey. Ɓarawon da ya gudu Dubai ko ya riga mu gidan gaskiya, in ba haka ba yaya za a yi da abin da ya tara? Har yau ban sauka daga wannan ra'ayin ba.

Abin da ban sani ba sai da na fara aiki a ofishin wani babban lauya a Kano. Wata safiya wani dattijo ɗan kasuwar hatsi ya shigo da takardu cikin baƙar leda, an naɗe su kamar ƙosai. Yana da babbar mota guda ɗaya, ya ba direba yana dakon masara daga Dawanau. Direban ya cusa katon-katon na haramtaccen maganin tari a ƙarƙashin buhuna, aka tare shi a hanya, ya tsallake ya shige daji. Motar ta kwana a hannun wata hukuma.

"Barista, ni dai ban aike shi ba," in ji shi. "Shekara goma sha ɗaya ina tara kuɗin motar nan."

Na ce, "Baba, kun ga sanarwar da aka buga a jarida?"

Ya dube ni kamar na yi masa Faransanci. "Wace jarida, ɗana? Ni rediyo nake ji."

Nan gizo ke saƙa. Hukuma takan je kotu ita kaɗai, ba tare da mai kaya ba, ta karɓo umarnin ƙwacewa na wucin gadi. Sai a buga sanarwa a jarida cewa duk mai ja ya zo ya faɗi dalili. A ƙarƙashin sashe na 17 na dokar yaƙi da zamba ta 2006, kwana 14 ne, sai in alƙali ya yanke wani wa'adin. Tsohon minista yana da lauyoyin da za su ga sanarwar kafin tawada ta bushe. Baba kuwa, sanarwarsa ta fito cikin Turanci, da ƙananan baƙaƙe, a can shafin tallace-tallace. Saura ƙiris wa'adi ya cika muka shigar da takardunmu.

Oga ya turo ni in karanto yadda wasu ƙasashe suka ja wa abin linzami, nan na sake komawa Amurka. Akwai Tina Bennis a Michigan: mijinta ya yi lalata da karuwa a cikin tsohuwar motar da suka saya tare a kan dala 600, aka ƙwace motar har da rabonta. A 1996 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce rashin saninta bai cece ta ba. Na daɗe ina juya wannan hukuncin. Miji ya ci amana, gwamnati ta ci mota.

Shari'ar Tyson Timbs ce ta ɗan sanyaya mini rai. Ya sayi Land Rover ta dala 42,000 da kuɗin inshorar mahaifinsa da ya rasu, aka kama shi yana sayar da ƙwaya, ya amsa laifinsa. Tarar da doka ta ƙayyade wa laifin ba ta wuce dala 10,000 ba, amma jihar Indiana ta ce motar take so. A watan Fabrairun 2019 alƙalan Kotun Ƙoli baki ɗaya suka ce haramcin tarar da ta wuce kima ya hau kan jihohi ma. Mai laifi ne fa, amma an ce hukunci ya tsaya daidai girman laifi. Duk da haka sai 2021 maganar motar ta ƙare. Jihar New Mexico ita kam tun 2015 ta ce sai kotu ta kama mutum da laifi kafin gwamnati ta mallake kayansa.

Mu a kotu sashe na 44 na kundin tsarin mulkin 1999 muka riƙe, wanda ya kare dukiyar ɗan ƙasa, muka haɗa da rasit ɗin sayen mota da shaidar shugaban 'yan dako. An ɗage zaman sau bakwai. Bayan wata ashirin da biyu alƙali ya ce a sakar wa Baba motarsa, na fito ina jin kaina kamar na ci Kano da yaƙi.

Tare muka je karɓa. Tayoyi shida sun kwanta, babu batir, babu madubi, ciyawa ta fito ta cikin bodi, ƙadangaru sun yi gida a kujerar direba. Babu wanda za a tambaya. Baba ya zagaya ta sau biyu, ya shafa ƙofar, ya ce, "Alhamdu lillahi." Sannan ya juyo ya tambaye ni ko na san wani ɗan gwangwan mai gaskiya.