Suyar kofi da injin gugguru: abin da aikin ya koya mana

Injin gugguru mai hura iska mai zafi yana soya kofi, amma gaggawa gare shi. Suyar da babban inji ke yi a minti 12 zuwa 15, shi a minti 5 ko 6 ya gama. Yawancin ɓarnar daga nan take: waje ya yi baƙi, ciki da saura, a sha a ji tsami da ɗaci a haɗe.

Tun wajen saye ake yin kuskure. Leƙa cikin tukunyar. Idan ramukan iskar a gefe suke, masu sa ƙwaya ta riƙa zagayawa, shi ake so. Mai raga a ƙasa a bar wa gugguru, domin ɓawon kofi kan faɗa ciki ya kama wuta. Sannan a kifa shi a karanta gindinsa. Wutar Ghana volt 230 ce, kuma cikin kayan gwanjon da ake kasawa a Kumasi akwai na Amurka masu volt 120. Ka jona irinsu kai tsaye, ya ƙone kafin ka zuba komai, ƙaramar taransfoma kuma ba ta ɗaukar injin da ke cin wat 1,200.

Awo da sikeli ake yi: giram 80 zuwa 100 na ɗanyen kofi, bayan an tsince tsakuwa da baƙaƙen ƙwayoyi da waɗanda ƙwari suka huda. Abin da ke ruɗa sabon shiga shi ne, ƙara yawa ba ya rage zafi. Ƙwaya in ta yi yawa tana tare iska, zafi ya taru, suya ta ƙara sauri, na ƙasa su ƙone. Mai son suya a hankali sai ya rage giram 10. A minti na farko a taimaka da juyawa da ƙotar cokalin katako, saboda ɗanyar ƙwaya nauyi gare ta, sai ruwan jikinta ya fita take tashi da kanta.

Murfin roba narkewa yake yi. A cire shi, a kafa gwangwanin da aka fasa sama da ƙasa a bakin tukunyar. A waje ake wannan aiki, kuma a gidan haya na unguwannin Kumasi irin su Aboabo ko Asawase a duba inda iska ke kaɗawa, kada hayaƙi da ɓawo su sauka kan shanyar maƙwabta.

Wajen minti 2 ƙwaya takan koma rawaya, sannan ruwan ƙasa. Da zafinta ya kai kusan digiri 196 na ma'aunin Celsius sai a ji fashewar farko, ƙas-ƙas kamar ana karya tsinken tsintsiya. Sai dai kofin da ake nomawa a Ghana, irin na wajen Hohoe a yankin Volta, galibi nau'in da ake kira Robusta ne, kuma fashewarsa ba ta da ƙarfi, ga ƙugin inji. Kunne kaɗai ba ya isa, a haɗa da ido da hanci. Fashewa ta biyu tana zuwa wajen digiri 224, ƙanana a jere, hayaƙi ya yi kauri, mai ya fara fitowa a jikin ƙwaya. A ganinmu bakin ta biyun nan ne wurin tsayar da Robusta, musamman ga masu sha da madara da sukari. Ba da jimawa ba bayan haka gawayi ne.

Da magariba, lokacin da wuta kan yi rauni, ana iya kai minti 10 ba a ji fashewa ba, kofin ya fito salam. Idan kuma aka ɗauke wuta ana tsakiyar suya, a juye nan take cikin kasko a ƙarasa a kan murhu ana juyawa.

Kashe inji ba ya tsayar da suya. A juye cikin gwagwar ƙarfe, a riƙa sheƙawa gaban fanka har ta huce cikin minti 3 ko 4. A sake aunawa: giram 100 ya dawo 84 zuwa 86, suya ta yi daidai; ƙasa da 80 an wuce gona da iri. A ba shi kwana 2 a kwalba ba a ɗaure murfi sosai ba, iskar da ke cikinsa ta fita, sannan a toshe, domin laimar damina a Kumasi ba ta barin ƙamshi ya daɗe. Injin ma a bar shi ya huta minti 20 kafin zubi na gaba, in ba haka ba fis ɗin da ke kare shi daga zafi ya yanke.