TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 9: Ashe Baba Soja ɗan jinya ne a yaƙin Bama

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya a inda aka gama rabon gadon Abbanmu, Allah ya jiƙansa, maza suka yi ta ja-in-ja a kan gona da shago, ni kuma aka turo min wata tsohuwar adakar ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonsa akace tunda ke ce mai son tarkacen da, ga naki nan. Toh yau abin da na tarar a cikinta zan ba ku, da irin yawon da ta sa ni.

Adakar ta kakanmu ce na wajen uba, wanda duk garin ke kira Baba Soja. Ina 'yar firamare ya rasu, abin da na riƙe nasa kawai dogo ne, baya son hayaniya, kuma baya cin abinci sai ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, muna ta yi masa dariya a ɓoye. Amma labarinsa kam mun sha shi. Yaƙin Hitila ya je, can Bama, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, ƙarfe baya cinsa, da adda kaɗai ya shiga cikin Japanawa ya fito, Baffanmu ƙarami in ya fara wannan labarin a zaure har miƙewa yake yana gwada yadda akayi sarar, alhali shi sai bayan yaƙin da shekaru aka haife shi.

Da na samu aka ɓalle kwaɗon, abu na farko da na gani lambobin yaƙi ne a naɗe cikin tsumma. Ɗaya tauraro ce mai tsini shida, ƙyallenta shuɗi mai duhu da ja a tsakiya da ratsin ruwan lemo, ita ce ake ba duk wanda yayi yaƙin Bama. Na juya bayanta ina neman sunansa, wayam, ba komai, ashe haka Ingila ta raba yawancin lambobin wancan yaƙin ba suna ba lamba, don haka in lambar girma kaɗai kuka gada a gidanku wallahi ba za ta kai ku ko'ina ba. A ƙarƙashinsu akwai almakashi mai lanƙwasasshen baki, da wata 'yar tasa fara mai siffar wake duk ta fara tsatsa a gefe, da sirinji na gilashi a cikin gwangwaninsa na ƙarfe, irin wanda ake tafasawa. Sai can ƙasa wani ɗan littafi da ya sha jiki, gefensa gara ta taɓa, shi ne littafin sallamarsa daga soja.

A ciki akwai lambarsa ta soja da ta fara da NA, da tsayinsa, da bayanin zanen da ke fuskarsa, da dangwalen babban yatsa a inda ake sa hannu. Sunan kuwa ba wanda muka sani bane gaba ɗaya, sunansa na yanka ne sai aka liƙa masa Zariya a matsayin sunan uba, alhali ƙauyenmu tafiya ce mai nisa daga birni. A wajen rukunin da yayi aiki kuma an rubuta wasu haruffa, W.A.A.M.C., na karanta na sake karantawa ban gane komai ba.

Mijina ne yace in kai ofishin 'yan mazan jiya. Na samu wani dattijo a can, shi yaƙin basasa yayi ba na Bama ba, amma yace samanjan da ya koya musu fareti suna kurata ɗan Bama ne. Ya ɗaga littafin nesa da idonsa yana dubawa, sai yayi murmushi.

“'Yata, wa yace miki kakanki mai bindiga ne?”

Nace Baba haka muka taso muka ji.

“Toh ba haka takarda tace ba. Wannan rukunin asibitin soja ne na Afirka ta Yamma. Diresa ne kakanki, mai wanke ciwo da ɗaukar wanda aka harba. Kar ki raina, mu da muka kwanta a daji da harsashi a cinya mun san wanda muke kira, ba kanar muke kira ba.”

Daga nan ne na shiga karatun abin da gaske, dare in yara sun yi barci ina kan waya. Sojojin Afirka ta Yamma wajen 90,000 ne aka kai wancan yaƙin, fiye da rabi 'yan Najeriya, sauran daga Gana wadda lokacin ake kira Gwalkwas, da Saliyo da Gambiya, kuma Hausa ce harshen bariki a wajen 'yan Najeriya, har wasu Turawan da ke jagorantarsu sun koya. Runduna biyu aka yi, ta 81 da ta 82. Ta 81 ita ta fara tafiya a 1943, jirgin ruwa daga Ikko ya zagaya ta Afirka ta Kudu har Bombay a Indiya, ka duba mutumin da ko kogin Kaduna bai taɓa hayewa ba a ɗora shi kan teku makonni. Daga nan aka tura su kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan, duwatsu da kurmi da gora, ba hanyar mota, da adda da diga suka sare hanyar jif ta sama da mil 70. Abinci da harsashi ta sama ake jefo musu da laima, sannan akwai dubban 'yan dako da aka ɗauka soja musamman don su ɗauki kaya a ka, su ma da kaki da lamba amma yawancinsu adda ce makaminsu. Runduna ta 82 ta biyo baya a 1944, su biyun suka haɗu suka karɓe garin Myohaung a watan Janairun 1945.

Abin da ya ban haushi da kaina da mu duka, sunayen nan kullum muna wucewa ta gabansu. Barikin Dalet da na Kalapanzin a nan Kaduna sunayen wurare ne a Bama. Barikin Chindit na Zariya, inda ake horar da kurata, sunan rundunar Janar Wingate ce da aka sauke a bayan Japanawa a 1944, kuma bataliya uku na 'yan Najeriya na cikinta. A Legas akwai Myohaung da Arakan da Dodan. Na yi shekaru ina hawa motar Kawo ban taɓa tambayar mene ne Dalet ba.

Bangaren jinyar shi yafi tsaya min a rai tunda nan ne namu yake. A manyan asibitocin soja da ke baya, can Indiya, akwai sistoci mata Turawa daga Ingila, su kam an rubuta tarihinsu da hotunansu. Amma a gaba cikin daji ba mace ko ɗaya, likita Bature ne da samarinmu da aka koya wa aikin cikin 'yan watanni, su ne nas su ne masu ɗaukar gadon majinyaci a kafaɗa su hau dutse su gangara su ratsa rafi har inda aka share ɗan fili da ƙaramin jirgi zai iya sauka ya kwashi masu rauni. Kuma ciwo yafi harsashi kwantar da mutane, zazzaɓin cizon sauro, atuni, gyambon da baya warkewa saboda damina, ga matsattsaku. Akwai wata ƙwayar zazzaɓi mai suna mepakirin da ake tilasta wa kowa sha kullum a layi, har tana mayar da fatar mutum ɗorawa. Kuma kar ku ɗauka don kana ɗan asibiti an bar ka. Akwai wani Isaac Fadoyebo, mutumin wajen Owo, shi ma irin aikin Baba Soja yayi, a watan Maris na 1944 Japanawa suka buɗe wa rukunin asibitinsu wuta a bakin Kaladan, aka kashe na kashewa, shi aka farfasa masa ƙafa, wasu Musulmin ƙauyen wurin ne suka ɓoye shi da wani ɗan Saliyo suna ciyar dasu wajen wata tara. Duk wannan a kan sule ɗaya a rana.

Da na je gida na kai wa Gwaggo babba littafin, ita ce 'yar fari, tana goye aka tafi da shi. Ban gama bayani ba ta katse ni.

“Yo ke sai yanzu kika sani? Ai mu mata mun sani. Wa kike zaton yake yi wa garin nan allura kafin a gina disfensare? Wanda fartanya ta sara, wanda ya faɗo daga kan kuka, yaron da kaciyarsa ta rube, duk zauren nan ake kawowa. Tasar nan da kika gani a cikinta yake tafasa allurarsa, ni ke hura masa wutar. Mazan ne dai basa son a ce ubansu kashin marasa lafiya ya kwashe a Bama, sun fi son na addar.”

Nace toh Gwaggo shi bai taɓa gyara musu ba? Tace shi da baya maganar sam, in an matsa masa sai yace an je an dawo, Alhamdulillahi. Abu ɗaya ta sani, in damina tayi ƙarfi aka kwana ana ruwa baya barci, Inna ta sha fitowa ta same shi zaune a zaure da fitila.

Baffa kam da labari ya kai masa cewa yayi takardar Bature ce, Bature kuwa ba abin da bai iya rubutawa ba. Ban ja da shi ba, babba ne, kuma ga dukkan alamu ya fi ni buƙatar labarin addar.

A zaman nan ne Gwaggo ta fasa min wani ƙwan da ban taɓa ji ba. Ashe su biyu aka ɗauka a gidan. Lokacin an yanka wa kowane hakimi adadin mutanen da zai kawo, hakimi ya raba wa dagatai, wasu a kai su soja wasu a kai su haƙar kuza a Jos, abin da ake kira ɗiban gwamna. Dagacinmu ya nuna ƙanen Baba Soja, saurayi mai ƙarfi da bai fi wata biyar da aure ba, shi kuma Baba Soja yace ba za a tafi da yaron shi kaɗai ba ya bi shi. A bariki aka raba su, wanda ya ɗan yi allo ya iya ƙirga aka tura shi asibiti, ƙanen aka sa shi cikin 'yan dako. A 1946 ɗaya ya dawo. Uwarsu har ta rasu bata yarda anyi masa sadaka ba, tace ba ta ga gawa ba ba ta ga wanda ya ga gawa ba. Amaryar ta zauna shekaru a gidan kafin alƙali ya raba auren ta auri wani. Ko sunansa an daina kamawa, shi yasa mu jikoki bamu san an yi shi ba.

Toh nan fa aikin ya koma sabo. Na je gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ma'aikatan suka fito min da fayil-fayil na lardin Zazzau, takardu sun yi ja suna ƙamshin ƙura, wasiƙun Razdan da Di'o a kan ɗaukar soja da yadda za a yi da su in sun dawo. Na ƙaru sosai, amma Bature adadi yake rubutawa, gunduma kaza mutum kaza, ba wanda ya damu da ɗan wane ne. Na duba tsoffin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 kuma ita ke kai wa mutanenmu labarin yaƙin, nan ma manya ake ambata, irin su Sarkin Katsina Usman Nagogo da ya je har can ya gaida sojoji.

Inda sunayen ƙananan mutane suke shi ne rajistar hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, tana intanet kyauta, kana sa suna da ƙasa ta fito maka da lamba da rukuni da ranar rasuwa da inda aka binne mutum. Akwai namu a maƙabartun Chittagong da Maynamati a Bangaladash ta yanzu. Waɗanda ba a ga gawarsu ba kuma an sassaƙa sunayensu a ginshiƙan dutse a maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon a can Bama, suna kusan 27,000 daga ƙasashe daban-daban. Na sa sunan ƙanen kakana da Zariya a gaba kamar yadda aka yi wa wansa, hannuna har rawa yake. Sai ga su sun fito ba ɗaya ba ba biyu ba, suna iri ɗaya gari iri ɗaya, rubutun ma kowane magatakarda da yadda kunnensa ya ji, wani a sa masa harafi biyu wani ɗaya. Haka abin yake ga duk mai irin sunayenmu, su Musa Kano da Garba Sakkwato da Audu Katsina, kamar ka shiga kasuwar Kurmi ka ƙwala kiran Malam. Biyu daga cikinsu 'yan dako ne, dukansu a 1944 suka rasu. Ba abin da zai raba min su sai lambar nan mai NA.

Na kira Gwaggo a waya nace ko akwai wata takarda tasa da ta rage, ko wasiƙa ko wani abu mai lamba. Ta yi shiru har na zaci katin ne ya ƙare, sannan tace akwai wata 'yar takarda da amaryar ke zuwa da ita baitulmali karɓar ɗan abin da ake yanko mata daga albashinsa, kuma da ita ta tafi gidan sabon mijin. Matar ta daɗe da rasuwa, amma 'yarta na nan da rai a Funtuwa, sai dai rabon gidanmu da su tun wata rigima da akayi a kan akuya da kayan ɗaki kafin a haifi Abbanmu.

“In za ki je ki je,” inji Gwaggo, “amma kar ki ce ni na aike ki, kuma ki riƙe goro.”

Yadda muka kwashe da mutanen Funtuwa sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.