Tsohon firam, sabon gudu

Wallahi a ƙungiyarmu ta masu keken tsere rabin hirar ba ta gudu ba ce, ta kayan gyara ce. Ranar Asabar bayan sallar asuba mukan bi titin Zariya kafin rana ta buɗe, a dawo a zauna wajen mai shayi, nan fa musu ke tashi, wannan yace kayan giya da birki na Shimano 600 sun fi, wancan yace kai dai na Campagnolo, alhali dukkanmu a gwanjo muke tsinto su.

Ni keken da nake haɗawa firam ɗin ƙarfe ne na Raleigh mai bututun Reynolds 531, giyarsa a jikin firam take, sai ka sauke hannu ɗaya ka canja. Wahalar ita ce zaren noti, na Ingila daban, na Faransa daban, na Italiya ma daban, ka sayo abu da murna ya ƙi shiga.

A Italiya akwai L'Eroica, taron masu hawan tsofaffin kekuna da aka fara a 1997, keken ƙarfe irin na 1987 zuwa baya suke karɓa. Yaran ƙungiya masu keken kabon dai dariya suke min, su je can, ni sarƙa kawai ta rage na samo.