Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Dutsen da Ya Tuna Mini da Baba

Makon jiya na tsaya a daren da motarmu ta shiga Potosi, a ƙasar Bolibiya. Garin yana sama da mita 4,000 daga matakin teku, don haka kwana na yi ina haki kamar wanda ya yi tsere, kaina yana sara. Da gari ya waye na ɗaga labule, sai ga dutsen tsaye a kan garin, ja-ja, duk jikinsa ramuka. Sifaniyawa suka sa masa Cerro Rico, wato dutsen arziki. Tsayinsa ya kusa mita 4,800.

A aji mun karanta shi tun ina Jos. Narkakken dutse ne ya taso daga ƙasa kusan shekara miliyan 14 da suka wuce, ya daskare, ya tsattsage, sai ruwan zafi mai ɗauke da ma'adinai ya bi tsagogin ya cike su. Can ciki inda zafi ya fi yawa kuza ta zauna, azurfa da tutiya da dalma suka yi sama da gefe. Shi ya sa da aka gano shi a 1545, azurfar tana kusa da fata, ba a sha wuyar kaiwa gare ta ba.

Wuyar daga baya ta zo. Da mai kyau ta ƙare, wakilin sarkin Sifaniya a yankin, Francisco de Toledo, ya kafa aikin tilas da suke kira mita a shekarun 1570, ana kwaso mazan ƙauyuka a tura su rami, ana kawo zaiba daga Huancavelica ta ƙasar Peru a cuɗa da niƙaƙƙen dutse don a zaro azurfar. Kafin ka ce kwabo garin ya tara mutum wajen 160,000, kuɗin da aka buga a nan suka kai har Sin. Da jagoranmu yake bayanin mita, kakana na tuna. Shi ma diban gwamna ne ya kawo shi haƙar kuza lokacin yaƙin duniya na biyu, bai koma garinsu ba har ya rasu.

Kafin mu shiga, mun biya kasuwar mahaƙa muka sayi tsaraba: lemo, da ganyen koka da suke cusawa a kunci kamar goro, da nakiya. Ƙwarai kuwa, nakiya a kan tebur, kusa da biskit.

Muka sa kwalkwali mai fitila muka sunkuya. Farkon ramin sanyi ne da caɓi, can gaba zafi ya taso, ƙura ta toshe maƙogwaro. Sau biyu muna mannewa da bango don keken dutse ya wuce, samari uku na tura shi a guje. A wani lungu akwai gunkinsu mai ƙaho, El Tio, an zuba masa koka da barasa, an sa masa sigari a baki. Jagoran ya miƙo mini ganye in ajiye, na ce masa addinina ya hana. Ya gyaɗa kai, bai ji haushi ba.

A nan na zauna da wani dattijo da ke hutawa. Yana tari, irin busasshen tarin nan da ƙurar dutse ke sa wa huhu. Ta bakin jagora na gaya masa ni ɗan mahaƙin kuza ne daga Bukuru. Ya dube ni da kyau, ya tambaya ko mu ma 1985 ta taɓa mu. Shekarar da farashin kuza ya faɗi ke nan, kamfanin gwamnatinsu ya sallami ma'aikata fiye da 20,000. Na ce masa a lokacin ne Baba ya dawo gida da rana tsaka, ya jingine shebur a bayan ɗaki, ya ce wa Inna, "A rage tuwon dare." Ina aji uku a firamare.

Dattijon ya ciro wani guntun dutse mai ƙyalli daga aljihu ya damƙa mini. Na kawo wa Baba shi har Bukuru. Ya juya shi a tafin hannu, ya auna nauyinsa, ya ce, "Ɗan nan, wannan ai da kuza a ciki." Abin da ya biyo bayan wannan magana, da yadda ta sa na sauya batun bincikena, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.