Wasa ma yana cikin maganin tamowa

Duk wanda ya yi aikin jinya a ɗakin yara masu tamowa mai tsanani ya san irin shirun wurin. Yaron da yunwa ta ci ƙarfinsa ba ya kula kowa. Ka kaɗa masa makulli a gaban ido, sai ya dube ka ya kau da kai. Shi ya sa ranar da ya miƙa hannu ya cafki cokali, ko ya yi wa uwarsa murmushi, mukan san ya fara farfaɗowa, sau da yawa tun kafin sikeli ya nuna.

Madarar F-75 (madarar musamman da ake fara ba mai tamowa) a kan lokaci, ɗumama jiki, maganin cuta, awo kowace safiya, duk waɗannan ba mai mantawa da su. Amma cikin matakai 10 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara don jinyar irin waɗannan yara akwai wasa da nuna ƙauna, minti 15 zuwa 30 kowace rana. Shi ne ake fara yasarwa idan damina ta yi tsakiya, rumbuna suka yi ƙasa, gadaje suka cika. Wannan yana ci mini rai, domin na ga abin da ake rasawa.

Ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro da mayar da martani take ginuwa. Ya yi gwaranci a amsa masa, ya jefar da murfi a miƙo masa ya sake jefarwa. Mai tamowa ya daina neman kowa da wasa, uwar kuma ga gajiya ga fargaba, sai ita ma ta yi shiru. Asarar ta zama biyu ke nan, ta abinci da ta hulɗa.

A 1986 Sally Grantham-McGregor, mai binciken lafiyar yara, da abokan aikinta suka fara bibiyar yara 129 da suka tsumbure a Kingston ta ƙasar Jamaika, 'yan wata 9 zuwa 24. An ba wasu ƙarin madara. Wasu kuma ma'aikatan lafiya suka riƙa zuwa gidajensu kowane mako har shekara 2, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da yaran, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20, waɗanda aka yi wa ziyarar wasan sun fi takwarorinsu samun kuɗi da kusan kashi 25 cikin 100. Tasirin madarar kuwa bai kai wannan lokaci ba.

Kayan wasanmu ba su wuce gwangwani da aka zuba wa tsakuwa aka liƙe bakinsa tam ba, sai kwano da ludayi da 'yar tsanar tsumma. Aikin yana wajen shawo kan manya. "Sista, yaron da ko zama ba ya yi, wane wasa kuma?" Haka uwaye ke tambayata. Sai in ce, "Maman yaro, ɗora shi a cinya ki yi masa tawai, ki rera masa abin da aka rera miki."

Abin da ya fi ɗaukar ni lokaci kafin in gane shi ne kunyar ɗan fari. Yarinya mai haihuwar farko za ta kwana a zaune tana gadin ɗanta, amma ba za ta kira sunansa ko ta yi masa wasa a gaban mutane ba. Ba rashin so ba ne, tarbiyya ce, kuma faɗa ba ya sauya ta. Nakan ja mata labule, ko in jawo kakar yaron, wadda dama wasa tsakaninta da jika al'ada ce, ta ce mijinta ne ko kishiyarta. Idan kaka ta fara, ɗakin gaba ɗaya yakan ɗauka.

Yanzu ranar sallama, bayan na ƙirga wa uwa ƙullin abincin gyaɗa na mako, nakan tambaye ta wa zai riƙa yi wa yaron wasa a gida, kaka ce, goggo ce, ko yayyensa, kuma in nemi ganin wannan mutumin idan sun dawo awo.