Safar hannun Roland a mashigar Ibañeta

Da asuba na bar Saint-Jean-Pied-de-Port, a gindin duwatsun Pyrenees ta ɓangaren Faransa, na bi ayarin masu tattakin ziyarar ibada zuwa birnin Santiago a Spain. Ni iyakata ƙauyen Roncesvalles, ta ɓangaren Spain, tafiyar kusan kilomita 25, yawancinta hawa. Hazo ya rufe hanya, sai dai ka ji ƙararrawar tumaki ba ka ganinsu.

Da la'asar na iso mashigar Ibañeta, mai tsayin mita 1,057, inda aka kafa dutse da sunan Roland. A yankin nan ne a 778 'yan ƙabilar Bask suka yi wa bayan rundunar Charlemagne, sarkin Faransawa na dā, kwanton ɓauna, suka kashe Roland, ɗaya daga cikin sarakunan yaƙinsa. Sai bayan shekara 300 da ɗoriya aka tsara Waƙar Roland, mai layi kusan 4,000.

Na zauna a jikin dutsen ina tuna yadda waƙar ta kawo mutuwarsa. Ya busa ƙahonsa na hauren giwa har jijiyoyin kansa suka tsinke. Ya yi ta sarar dutse da takobinsa Durandal don kada ya faɗa hannun maƙiyi, takobin ya ƙi karyewa. A mariƙinsa akwai haƙorin Bitrus, almajirin Annabi Isa, da ƙyallen tufafin Maryamu, shi ya sa a wurin Kiristoci amana ce. Daga nan ya kwanta a gindin bishiya, ya miƙa wa Allah safar hannunsa ta dama, Mala'ika Jibrilu ya karɓa. A al'adarsu da safar hannu sarki ke ɗora wa baransa aiki, da ita kuma baran ke mayarwa. Roland ya mayar da ransa ga Mai shi ke nan, kamar hakimin da ya sauke nauyi. Wannan wurin na waƙar ya daɗe yana taɓa ni.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne, mawaƙin ya cire 'yan Bask ya sa Musulmi a madadinsu, har ya ce suna bautar gumaka. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma an rera ta a zamanin da ake tara mayaƙan yaƙin Salibiyya.

Sanyi ya fara shiga jikina, na gangara Roncesvalles. Kafin in nemi masauki na leƙa wani ƙaramin ɗakin ibada da ake cewa a ƙarƙashinsa aka binne mutanen Roland, na ɗan jima a tsaye a bakin ƙofa.