Fanka, zafi da bakin Auta

Talata. Zafin yau ba a magana, tun ƙarfe goma na safe gumi ke bin bayana, wuta kuma sai wajen azahar aka kawo. Na sha kunun Hajiya, na leƙa shago na tayar wa wata mata laptop ɗinta (RAM ne kawai ya motsa), na dawo gida da wuri saboda abin da ke raina tun jiya.

Labarin katin RX 580 ne, katin hoto na kwamfuta (GPU), wanda ƙanina Auta ya sayo na hannu. Da safe lafiya lau yake, da yamma in wasa ya ɗauki minti ashirin sai hoto ya fara tsinkewa, shi kuma ya fara zagin Linux da wanda ya saka masa, wato ni. Na ce masa zafi ne, ya ce direba ne, wato manhajar da ke sarrafa katin. To yau na ce bari mu gani da ido. Na kunna HUD ɗin Gallium, wannan ɗan zanen ma'aunai da Mesa (tarin direbobin hoto na Linux) ke ɗorawa a saman hoton wasa, wanda Marek Olšák ya kawo tun 2013. Ba sai ka saka komai ba, a cikin direban yake, ka rubuta GALLIUM_HUD=help gaban glxgears, wata 'yar manhajar gwajin hoto, ya zubo maka duk abin da zai iya nunawa. Na jera fps (yawan hotuna a sakan), GPU-load (nauyin aikin katin), shader-clock (gudun katin), sai zafin katin ta hanyar lm-sensors mai karanta ma'aunan inji, na buɗe wasan SuperTuxKart. Waƙafi tsakanin sunaye yana buɗe sabon akwati a ƙasa, alamar tarawa kuma tana haɗa layi biyu a akwati ɗaya, nakan so zafi da iyakarsa su zauna tare, iyakar da kernel, wato zuciyar Linux, ke nunawa a wannan katin digiri 94 ce.

Wannan ɓangaren na sensors ba tun farko yake ba, Steven Toth ne ya ƙara shi a 2016, tare da na hard disk da na netwok da saurin CPU. Akwai zafi, akwai volt, akwai amp, akwai watt. Fanka fa? Babu. Na duba jerin sama da ƙasa, babu. Alhali in ka buga sensors a tamina, tagar rubuta umarni, ga fan1 nan zaune da RPM ɗinsa, wato yawan juyi a minti, kernel yana ajiye shi a /sys/class/hwmon, fayil ne kawai mai suna fan1_input. Kuma ni abin da nake zargi ke nan, cewa fankar tana juyawa iya ƙarfinta amma ƙurar hunturun bara ta toshe ko'ina, ko kuma ba ta ma tashi yadda ya kamata. Abu biyu ne daban, maganinsu daban, kuma lambar zafi ita kaɗai ba za ta raba maka su ba.

Sai na buɗe hud_sensors_temp.c, fayil ɗin Mesa da ke karanta ma'aunan, don in ƙara na fanka da kaina. Wallahi na ji daɗi, fayil ne ɗan ƙarami mai tsabta, kowane iri da nasa reshe, libsensors, laburaren lm-sensors, kuma tuni ta san fanka da sunan SENSORS_FEATURE_FAN, aikina kawai in bi sawun na watt in kwaikwaya, in ƙara sabon suna a wurin da ake karanta abin da mutum ya rubuta a GALLIUM_HUD. Na sake gina Mesa da manhajar gini ta meson, lmsensors a kunne, janareton maƙwabta na ta ƙara a kunnena. Kafin la'asar ga layi ya fito, kore, yana hawa. Wani abin dariya: HUD ɗin ba shi da ma'aunin RPM, yana da na zafi da na Hz da na watt amma ban da wannan, don haka da lambar ta haura dubu sai ya rubuta ta da ƙaramin k a gefe kamar kuɗi. Na bar shi haka tukuna. Ina ta murmushi ni kaɗai a ɗaki.

Nan Auta ya shigo da rake a hannu.

Na ce zo ka gani. Ya tsaya a bayana ya kalla, na nuna masa yadda zafi ke hawa, fanka na bin sa har ta ƙure, sannan shader-clock ya fara sauka, sai fps ya biyo baya. A jere, ɗaya bayan ɗaya, kati ne ke rage wa kansa gudu don kada ya ƙone. Na ce ka gani, ba direba ba ne. Ya gyaɗa kai, ya tofar da ɓawon rake a hannunsa, ya ce "Yaya, ai MangoHud na nuna fanka tuntuni." Na ce na sani. Ya ce "to kuma wasannina duk ta Proton suke bi, Vulkan ne, wannan naka ba zai ma fito a kansu ba." Ya faɗa ba da raini ba, a'a, kamar mai ba ni labarin farashin mai. Ya fita.

Gaskiyarsa ce fa, shi ya sa abin ya tsaya min. HUD ɗin Gallium na direbobin Gallium ne, radeonsi da nouveau da iris da sauransu, hanyar OpenGL, ɗaya daga hanyoyin da wasa ke magana da katin hoto; Vulkan ita ce ɗayar. Wasan Windows da Proton ke kunnawa a Linux yakan bi ta DXVK, mai fassarar da ke cikinsa, ya zama Vulkan, ya faɗa hannun RADV, direban Vulkan na katunan AMD, can kuwa wannan zanen ba ya zuwa. Mesa na da wani zanen ma'aunai daban na Vulkan, MangoHud kuma, wani zanen irinsa, daga jikinsa ya samo asali, ya girma ya fi shi, yara duk shi suka sani. Wato na ɓata yinin Talata ina saka ma'auni a wurin da wanda na yi dominsa ba ya bi.

Na zauna ina ba shi amsa a zuciyata, bayan ya tafi, kamar kullum. Cewa ba kowa ne ke wasan Steam ba. Cewa akwai ƙananan allunan ARM masu direbobin panfrost da v3d, akwai kwamfutocin makaranta da ba za ka tsaya saka musu ƙarin kaya ba, layi ɗaya ka rubuta ka ga komai. Cewa wanda ke gyaran direba yana son ƙididdigar cikin direban da ta injin a kan zane ɗaya, lokaci ɗaya, kowane rabin sakan, don ya ga wanne ya riga wanne motsi, kuma GALLIUM_HUD_DUMP_DIR zai zuba maka lambobin a fayil ka duba daga baya. Mai kallon fps kawai kamar direban da ke kallon allurar gudu ne bai taɓa duba ruwan inji ba. Duk na tsara su tsaf. Amma ko ɗaya ba ta amsa abin da ya faɗa ba, shi maganarsa ita ce wa zai yi amfani da shi a gidan nan, kuma amsar ni ne, ni kaɗai.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Yaron nan ni na koya masa bambancin OpenGL da Vulkan, a kan wannan teburin, lokacin bai san ko tamina ba. Yau shi ke tuna min, yana shan rake. Ya kamata in ji daɗi, kuma na ji, kaɗan. Sauran kuma wani abu ne mai kama da tsufa, irin ka waiga ka ga kayan aikin da ka iya da kyau sun koma na gefe ba wanda ya sanar da kai. Na tuna yadda nake yi wa Oga dariya da yake nacewa a kan tsohon Windows XP.

Magariba. Masallaci, tuwo, miyar kuka ta yi gishiri amma ba wanda ya isa ya faɗa.

Bayan isha na buɗe katin. Ƙura kamar auduga tsakanin ƙarafunan, man ɗauke zafi da ke kan chip ɗin ya bushe ya zama gari. Na hure, na goge, man ne babu, sai gobe in na shiga kasuwa. Auta ya riƙe min fitilar waya bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Facin, wato gyaran da na yi wa Mesa, yana nan a kwafina, layi kaɗan ne. Ina tunanin ko in tura shi GitLab ɗin freedesktop, inda masu Mesa ke karɓar gyara, amma sai na fara gyara zancen k ɗin nan, kuma hakan na nufin taɓa wurin ma'aunai wanda kowane direba ke amfani da shi, ban san ko masu dubawa za su so a taɓa musu shi don fanka ba. Zan kwana a kai. An sake ɗauke wuta, batirin laptop saura kashi 14, kuma Hajiya ta ce da sassafe zan kai ta unguwa kafin shago.